Khamrah ko Yara, wanne za ki ɗauka?

Duk biyun turaruka ne na kamfanin Lattafa amma fa ba ɗaya suke ba. Khamrah da ya fito a 2022 nauyi gare shi, kirfa ce da dabino da vanilla, kina fesawa kamar an buɗe kwanon alkaki, kuma yana kama mayafi har ki wanke bai gama fita ba, sai dai lokacin zafin Afrilu wallahi feshi biyu ma sai ya hau miki kai. Yara mai ruwan hoda kuwa sassauƙa ne, ƙamshin madara da 'ya'yan itace, ya dace da rana, amma ba ya daɗewa a fata kamar wancan. Ni dai in kuɗin ɗaya ne dake ki ɗau Khamrah ki jira hunturu da daren biki.