In ajiye zane ko in ci gaba? Amsa ga ƙanwarmu ta Tudun Wada

Wata ƙanwarmu daga Tudun Wada ta kawo tambaya. Tun tana sakandare take zane da fensir da gawayi. Yanzu a gida ana ce mata ɓata lokaci take, wata ƙawarta ta kalli aikinta ta taɓe baki, ita kanta kuma in ta ga na wasu a Instagram sai ta ji kunyar nata. Ta ce a gaya mata gaskiya, ta ajiye ko ta ci gaba. To ƙanwata, bari in jera miki hanyoyin biyu.

Ajiyewa tana da nata amfanin, ba zan ɓoye miki ba. Surutun gida zai lafa. Kuɗin takarda da fenti zai zauna a jakarki, ga shi yawancin kayan zane daga waje ake shigo da su, tsadarsu tana bin dala. Abin da ajiyewa ba za ta yi miki ba shi ne kashe sha'awar. Idon da ya saba lura da yadda rana ke faɗa wa fuskar mai tallan gyaɗa ba zai daina lura ba. Hannun ne kawai zai yi sanyi, ranar da kika sake ɗaukar fensir ki tarar kin koma baya, shakkar da kika guda kuma ta ninka.

Ci gaba ya fi tsada. Za ki ci gaba da jin magana, kuma ba wanda zai yi miki alkawarin kuɗi. Kasuwar zane a Kaduna ba ta kai ta Legas ko Abuja ba, masu saye a nan galibi hoton amarya da ango ko na iyaye suke so a zana musu. Sai dai a wannan hanyar kaɗai ake maganin abin da ke damunki. Mai zane idonsa yana riga hannunsa ƙwarewa. Kina ganin kuskuren da bara ba kya gani, hannun bai kamo idon ba tukuna, wannan tazarar ce kike ji kamar rashin baiwa. Wanda bai iya komai ba ba ya jin wannan ciwon, don ba ya ganin inda ya kauce. Na Instagram kuwa, guda ɗayan da ya yi kyau suka nuna miki, ba ki ga waɗanda suka yayyaga ba.

Maganar mutane ma kada ki haɗa ta a kwando ɗaya. Akwai wanda zai riƙe takardarki ya ce, "Kunnen nan ya haura layin gira, inuwar ƙarƙashin haɓa kuma ta yi duhu har ta cinye wuyan." Wannan ya ba ki aikin gobe, ki gode masa ko da ya faɗa da zafi. Akwai mai cewa, "Wa ya taɓa arziki da zane?" Wannan bai ma kalli takardar ba. In Mama ko Baba ne suka faɗa, tsoro ne suke ji miki, kuma tsoron iyaye ba abin rainawa ba ne. Amsarsa ita ce su ga karatunki bai taɓu ba, su kuma ga hannun yana kawo ɗan wani abu, ko lalle ne, ko zanen ɗinki, ko tsara tambarin shago a kwamfuta. Ta uku ita ce maganar addini, ita ce na fi so ki ɗauka da nauyi. Malamai da dama sun hana zana abu mai rai, akwai kuma bayanai da saɓani a kan iyakar hanin, don haka ki zauna da malamin da kika amince da iliminsa. Ko wace fatawa kika bi, fagen yana da faɗi: gine-gine, itatuwa, rubutun Larabci na ado, zayyanar allo, dagin Arewa, irin adon da ke bangon fadar Zazzau.

Jiharmu ta taɓa ganin masu irin tsaka-mai-wuyarki. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Malamansu galibi Turawan Ingila ne, salon Turai ake koya musu a matsayin ma'aunin kyau. Ba su bar aji ba, ba su kuma yarda cewa zanen gidajensu ba zane ba ne. Suka karɓi dabarun Bature suka haɗa da na gargajiyarsu, yau ba a ba da tarihin zanen zamani a Najeriya ba tare da su ba. Ga kuma Ladi Kwali, Bagwariyar da ke bayan takardar naira 20. A gida ta koyi ginin tukunya, ta yi shekaru tana yi kafin wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta a wurin Sarkin Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Cardew a 1954, mace ta farko a wurin, ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ban ce kowa zai hau takardar kuɗi ba, yawanci ba za su hau ba. Abin lura shi ne tukwanen suna nan a gine kafin mai yabon ya iso.

Ni dai ra'ayina ki ci gaba, amma kada ki saki karatu ko sana'a saboda shi. In jarrabawa ta matso ki tafi hutu, hutu daban, bari daban. Wuri ɗaya ne zan ce ajiyewa ta fi: in kin duba zuciyarki kin ga lokacin zanen kansa ba ya yi miki daɗi, yabon da zai biyo baya kawai kike jira.

In ba haka ba ne, ki sami littafin zane guda, ki riƙa sa kwanan wata a kowane shafi, kada ki yage ko ɗaya. Bayan wata shida ki ajiye shafin farko kusa da na ƙarshe, da aikinki na baya za ki auna kanki. Ki leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu a Kaduna ki zana kawunan Nok da ke can, wato kawunan yumɓu da mutanen dā suka ƙera, ki lura da yadda suka huda ƙwayar ido. Sannan ki nemi mutum ɗaya da ya san aikin, ko ɗalibin sashen zane na ABU ne, ki riƙa kai masa yana nuna miki inda za ki gyara. Ƙawar nan kuwa, ki daina nuna mata har sai ta iya faɗin abin da bai yi mata ba.