Daga Agege zuwa Maraɗi: batun 'yar jitar da kuke so

Ƙanina, bayan gaisuwa, ka gaida min Inna da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso kan ukulele da kuke son sakawa a kiɗan bikinku.

Abin da a gida sai an yi sautu, an jira, a karɓi duk abin da direba ya kawo, a nan Legas rataye yake a shagunan kayan kiɗa na kasuwar Alaba. Mai shago zai sauko maka da shi, ya ɗaure tsirkiyoyin huɗu, ya jona a lasifika ka ji da kunnenka kafin maganar kuɗi. Nan kam sun fi mu. Gyara ne muka fi su: gurmi ya lalace, mai haɗa shi yana bayan layi, a nan kuwa sai a ce ka sayi sabo.

Girma huɗu ne. Ƙaramar, soprano, ita ce ta asali da 'yan Fotugal suka ƙera a tsibiran Hawaii bayan zuwansu can a 1879. Akwai daɗin murya, amma kalangu ɗaya ya isa ya haɗiye ta. Ku ɗauki tenor, cikinta ya fi faɗi, amonta ya fi kauri.

Kada a ruɗe ka da mai tsada ta katako zalla. Danshin Legas take so. In hunturun Maraɗi ya busa mata, fuskar tana iya tsagewa. Wadda aka yi da siraran katako manne a kan juna ta fi jure bushewa, ga sauƙin kuɗi.

Ko tenor ɗin ma ba za ta yi gogayya da ganga ba sai da na'ura. Tsirkiyarta ta roba ce, don haka na'urar maganaɗisu irin ta jitar lantarki ba ta kama ta. Wadda ake so ita ce piezo, wani ɗan siririn abu da ke kwance ƙarƙashin inda tsirkiyoyin suka hau, yana ɗaukar girgizarsu. Na tsaya a kan yaron shagon yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ta huɗun ta fito a shaƙe, ya ce zaman na'urar ne bai daidaita ba, ya ɗauko wata.

Lasifikar kuma mai batir zan saya, kun san halin wuta. Kuma kada makaɗin ya tsaya a gabanta, ƙugi za ta yi ta yi.

Ka tambayi abokanka nawa suka tara, ka faɗa min a sefa, ni zan lissafa a naira. Zan haɗo da tsirkiya ta ajiya, don can ba za ku samu ba.