Gargaɗi: mai tallan tsofaffin agogo ya ci min 220,000, ya ƙwaƙule agogon Baba

Jama'a ku yi hattara da wani mutum da ke tallan tsofaffin agogon bango da kabad ɗin ajiye bindiga a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp. Ɗan damfara ne. Naira 220,000 ya ci min. 220,000! Kuma wallahi ba kuɗin ne suka fi ƙona min rai ba.

Agogon marigayi mahaifinmu na ba shi gyara. Junghans ne, ƙirar Jamus, irin wanda ake wanawa da makulli, yana buga ƙararrawa duk awa. Ya dawo min da shi fes, katakon yana sheƙi. Ashe ya cire injin tagullan gaba ɗaya, ya liƙa na roba mai batir, ya bar ramukan makullin a fuska don kada a gane. Sai da na zo wanawa na ji makulli yana juyawa a banza.

Masu cewa na yi sakaci, ku saurara. Mutumin nan har gida ya zo. Ya juya agogon, ya buɗe bayansa, ya nuna min tambarin tauraro mai tsini takwas da harafin J a tsakiya, ya ce kamfanin tun 1861 yake a garin Schramberg. Na bincika, haka ne. Ya ce: "Alhaji, kada ka yarda kowane yaro ya taɓa wannan, amana ce." Amana! Har addu'a ya yi wa Baba. Wa zai zargi mai irin wannan sani? Kullum sai na tuno yadda ya rungumi agogon nan da hannu biyu ya sa a mota.

Kabad ɗin ma tun kafin maganar gyaran ne. Ya turo hoton wani tsohon kabad mai gilashi, na ce ya dace da bindigar tokar kakanmu da ke jingine a ɗaki. Na tura 150,000 kafin alƙalamin kabad, 70,000 kuɗin gyaran agogo, 220,000 ke nan. Yau direba ya taso, gobe mota ta lalace. Kabad bai zo ba har yau. Daga baya ƙanena ya gano hoton a shafin wasu 'yan gwanjo na Ingila.

Yanzu ya toshe lambata. Wani dattijo mai gyaran agogo ya ce min injin shi ne agogon, in babu shi akwati kawai ka riƙe. Me zan faɗa wa yayyena mata? Gadonmu ne mu duka.

Rasit ɗin tura kuɗin da hotunan hirarmu duk suna nan, zan saka su da zarar na gama kai ƙara wurin 'yan sanda.

Ku ɗauki hoton injin agogonku kafin ya bar gida, kuma kada ku biya kuɗin kayan da ba ku gani da ido ba. 220,000 da injin Baba, ban yafe ba, Allah ya isa.