Pier Solar a kan Sega Mega Drive: sabon kaset a tsohuwar na'ura, ga yadda na same shi

Jama'a duk wanda ya taso yana buga Sega kuma har yanzu tana nan a ajiye a saman wadrob ko cikin wani kwali a ɗakin tsohuwa, ina so ya sani ana nan ana yi mata gem, ba tsofaffin da muka sani aka sake bugawa ba, sababbi ne da aka zauna aka ƙirƙira bayan kamfanin Sega da kansa ya tattara ya bar harkar, a kaset na gaske da kwalinsa da ɗan littafinsa a ciki. Wanda na gama kwanan nan shi ne Pier Solar and the Great Architects. Tun daga nan zan faɗa, ban yi asarar lokacina ba, na ji daɗinsa sosai, amma ba kowa zan ce ya je ya saya ba don akwai inda ya gajiyar da ni ƙwarai kuma zan faɗi wuraren.

Mega Drive a 1988 ta fito a Japan, ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis, Turai kuma 1990, irin ta Turan ce ta fi zuwa mana a kayan gwanjo. A 2001 Sega ta daina ƙera na'urar gem gaba ɗaya. Shi kuwa Pier Solar sai a Disambar 2010 ya fito, shekara 22 kenan bayan fitowar na'urar, lokacin duniya tana kan PS3 da Xbox 360. Wani ƙaramin kamfani ne mai suna WaterMelon ya yi shi, kuma asalinsu ba wasu manya ba ne, masoyan Sega ne da suka haɗu a intanet daga ƙasashe daban daban, tun wajen 2004 suka fara abin kamar wasa da sunan Tavern RPG har ya zo ya girma ya fi ƙarfin wasa. Wannan kaɗai ya sa nake ganin girmansu wallahi, mutum ya kwashe shekara shida yana yi wa na'urar da aka daina yayi aiki.

Shi irin gem ɗin nan ne na labari da ake kira RPG, kana da jarumi da abokan tafiyarsa, kuna yawo gari gari kuna magana da mutane, ku sayi makami da magani, ku shiga daji ko kogo ku yi faɗa, kowane faɗa yana ƙara muku ƙarfi da kuɗi. Mu dai a gidan gem ba mu san wannan ba, kuma da na yi tunani dalilin a fili yake, kuɗi kake biya a ba ka wasa ɗaya ko mintuna kaɗan ga layi a bayanka ana jira ka mutu a karɓi pad, wa zai bar ka ka zauna kana karanta hirar wani tsoho a ƙauye da Turanci? Mortal Kombat ne da Sonic da Streets of Rage da ƙwallo, shi kenan. To wani ɓangare ne guda na Sega da ya wuce mu ba mu ɗanɗana ba, irin su Phantasy Star da Shining Force, sai yanzu da girma ya zo mutum yake da na'urarsa shi kaɗai a ɗaki babu mai cewa lokacinka ya yi.

Kaset ɗin wani abokina ne da ke karatu a Ingila ya taho min da shi, na hannu ne amma tsaf yake. Kwalin roba ne irin na asali mai ɓallewa, littafin ciki mai kala, kana riƙewa ka rantse a 1994 aka yi shi. Na sa a Mega Drive 2 ɗina, na haɗa wayar AV a bayan wata tsohuwar talabijin mai ƙeya, na tura makunnin, sai ga shi ya tashi ba gardama. Girman kaset ɗin megabit 64 ne, wato megabait 8 kacal, hoto biyu ko uku da ka ɗauka a wayarka sun kai haka, amma a wajen Sega ƙato ne na gaske, Sonic na farko megabit 4 ne, Phantasy Star IV 24, mafi girman da aka taɓa yi a zamanin na'urar shi ne Super Street Fighter II mai 40.

Labarin da sauƙi ya fara. Wani yaro ne Hoston a garin Reja, ya san harkar tsirrai, babansa ya kwanta ciwo, sai ya tashi zai shiga kogo neman wani ganye da ake sa ran zai yi magani, abokansa biyu suka bi shi, Alina da kuma Edessot wanda shi gwanin ƙere ƙere ne. Daga neman ganyen nan ne suka faɗa cikin wani al'amari tsoho da ya fi su girma, ba zan faɗa ba kar in ɓata wa wani. Farkon nan ya kama ni, don yaro ya fita neman magani saboda mahaifinsa abu ne da kowa zai ji a jikinsa, ba sai an ce maka za ka ceci duniya ba tukun ka damu. Amma gaskiya daga tsakiya labarin yakan yi sanyi, hirar ta cika barkwanci, wani lokacin ana cikin maganar da ya kamata ta yi nauyi sai wani ya jefo wasa ya kashe ta, wasu sun ba ni dariya wasu kuma ban ga amfaninsu ba. Kuma sai kana jin Turanci daidai gwargwado, in ba haka ba za ka yi ta danna maɓalli ne kawai ba ka san inda aka ce ka je ba.

Inda ba ni da ta cewa shi ne zane. Na'urar nan kala 64 kawai take iya nunawa a lokaci ɗaya daga cikin 512 da take da su, ƙwaƙwalwar aikinta kilobait 64, amma ka ga abin da suka fitar da ita. Akwai inda na tsaya cak a cikin daji na ajiye pad ina kallo kawai, ganyayyaki hawa hawa, haske yana ratsowa ta tsakaninsu, ruwa yana motsi a gefe, ga garuruwan cike da tarkace, tukwane, akwatuna, fitilu, kowane lungu an sa masa wani abu. A talabijin mai ƙeya kalolin suna narkewa cikin juna su yi laushi, da na gwada a flat sai ya zama tsaga tsaga ya rage kyau sosai, don haka in kana da tsohuwar kar ka yar. Kiɗan ma ya yi, sautin nan na Sega mai ɗan ƙarfe ƙarfe da ke fitowa daga guntun Yamaha ɗin da ke cikinta, wanda ya sani ya sani. Sun kuma yi wata dabara, in kana da Mega-CD, wato ƙarin na'urar da ake haɗawa da Segar don karanta faifan CD, ka sa faifan da suka yi masa, kaset ɗin zai riƙa ɗauko kiɗa mai inganci daga faifan. Ni ba ni da Mega-CD, da na cikin kaset na buga kuma ya ishe ni.

To amma cikar zanen nan ita ce kuma ta zama matsala. Sau da yawa ba ka gane ina ne hanya ina ne ado, za ka ga wuri kamar a buɗe ka tura jarumi ya ƙi wucewa, wani wurin kuma kamar bango ne ashe ta bayansa za ka bi. Kogunan dutsen da gidajen ƙarƙashin ƙasa duk a murɗe suke, ka bi nan ka dawo nan, kuma kana cikin neman hanyar ne faɗa zai yi ta faɗo maka. Nan ne babban ƙorafina. Ba ka ganin abokan gaba a fili, kana tafiya kawai allon zai juye ka tsinci kanka a faɗa, ka gama ka yi taku kaɗan wani ya sake zuwa, kamar kana tuƙi a unguwar da kowane gida ya yi nasa bam a titi. Kafin ka gama faɗa uku ka manta ta ina ka shigo. Sai da na koma ina zana taswira a bayan wani tsohon littafi da biro, ina sa alama duk inda na riga na bi, da hakan na riƙa fita.

Faɗan kansa kuwa in ka fahimce shi akwai daɗi. Bi da bi ne, ka zaɓa wa kowa abin da zai yi sannan su yi, kuma tawagar tana kaiwa mutum biyar. Akwai wani umarni Gather, maimakon mutum ya kai hari sai ya tsaya ya tara ƙarfi, kuma zai iya miƙa abin da ya tara ga wani. Da farko zaka ga kamar ɓata lokaci ne, amma da ka isa wajen bos na gaske, wato babban abokin gaba, sai ka gane shi ne gem ɗin, ka sa mutum biyu ko uku su tara su tura wa ɗaya, wani yana ba da magani yana riƙe kowa da rai, sannan wanda aka tara wa ya sauke abu ɗaya mai nauyi. Akwai bos ɗin da na ci da jinin Hoston saura ƙiris, hannuna har gumi yake a kan pad, rabona da jin haka a gem na daɗe. Matsalar dai ita ce ƙananan faɗan ma suna ɗaukar lokaci, ga yawa, akwai inda zaka sa su yi da kansu amma ba ya rage tsawon sosai. Da sun rage yawan faɗan da rabi da ba abin da zai ragu a gem ɗin sai gajiya.

Maganar wuta kuma, dole in faɗa don mu abin ya shafa. Kaset ɗin yana ajiye inda ka tsaya a cikinsa, amma sai ka yi sebin da kanka, in aka ɗauke wuta kana tsakiyar kogo duk abin da ka tara tun sebin ɗin ƙarshe ya tafi. Ni a kan inbata nake bugawa, Segar ba ta cin wuta, talabijin ɗin ce mai ci. Sannan ka duba adaftarka da kyau, wata da na saya a kasuwa ta sa hoton yana rawa da layi layi da wani ƙugi a sauti, da na canja duk ya ɗauke. In kuma na'urarka ta Amurka ce ko ta Japan adaftarta ta asali ta wuta 100 zuwa 120 ce, kar ka soka ta kai tsaye a soket ɗinmu.

Wa zan ce ya saya? Wanda yake da Segar a hannu, yana jin Turanci, yana da haƙurin zama awa da awanni a kan abu ɗaya, kuma yana son ya ga iyakar abin da na'urar nan za ta iya. Kaset ɗin ba shi da arha don ba a buga da yawa ba kuma masu tara kayan tarihi suna bin sa, in ka haɗa da canjin dala sai ka yi tunani sau biyu. An yi wani na zamani, Pier Solar HD, bayan sun tara kuɗi a Kickstarter, shafin neman gudummawar jama'a a intanet, a 2012, ya fito a 2014 a kwamfuta da PS3 da PS4 da Xbox One da Wii U, har Dreamcast, na'urar Sega ta ƙarshe, ta samu nata a 2015, kuma a cikinsa kana iya juyawa tsakanin sabon zane da tsohon. Wanda labarin kawai yake so wannan ya ishe shi. Ni dai nasan da a PS4 na fara buga shi da ban yi masa uzurin da na yi masa ba, don a can akwai dubunsa da suka fi shi, a kan Sega ne kake ganin aikin da aka sha.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tun kafinsa a 2006 wani kamfani a Amurka, Super Fighter Team, ya fitar da Beggar Prince a Sega, asalinsa gem ɗin Taiwan ne na 1996 suka fassara, labarin yarima da ya yi musayar kaya da mabaraci, daga baya suka ƙara da Legend of Wukong a 2008 da Star Odyssey a 2011. A ɓangaren Game Boy ma, 'yar na'urar hannu ta Nintendo wadda ita 1989 ta fito, tun da aka saki manhajar GB Studio kyauta a 2019 mutum ɗaya a ɗakinsa yana iya haɗa gem har a buga masa a kaset. Na ɗan taɓa Dragonborne na Spacebot Interactive a wajen abokin nan nawa, yaro ne Kris shi ma yana neman babansa da ya ɓace, kala huɗu kacal a ɗan allon nan amma ya fi Pier Solar saurin shiga jiki kuma bai kai shi tsawo ba, wanda bai taɓa buga RPG ba ni da shi zan ce ya fara. Na riga na ce ya bar min aron Game Boy ɗin in zai koma, batir huɗu ne nawa.