Bel, kujera ko tabarmar yoga: wanne mai son gyara tsayuwarsa zai saya a Kano?

Tela da ke wuni a kan keke, ɗan kasuwar da ke zaune a shago a Kantin Kwari, direban Adaidaita Sahu, duk ƙorafinsu ɗaya ne: kafaɗu sun zubo gaba, wuya ya riƙe, ƙugu na zafi. Waya kuma ta zo ta ƙara dagula lamarin. Kan babban mutum bai wuce kilo 5 ko kusa da haka ba, amma wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa a 2014 cewa in ka sunkuya sosai kana latsa waya, nauyin da wuya ke ɗauka yakan kai kilo 27. Shi ya sa kayan gyaran tsayuwa suka cika shaguna da shafukan intanet, kowa na cewa nasa ne magani.

Bel ɗin da ake ɗaurawa a kafaɗa shi ne mutane suka fi rububi. Kamar tokare katanga da itace ne, kana cirewa ta koma yadda take, ga shi a zafin bazara ba mai iya wuni da shi a ƙarƙashin riga. Kujerar ofis mai lanƙwasa a baya tana da daɗi, sai tsada, kuma ba za ta bi ka kasuwa ba. Matashin ƙugu ba sai ka saya ba, naɗe tawul ka sa a bayanka. Man zafi kuwa lallashi ne na dare ɗaya.

Ni dai tabarmar yoga nake ba kowa shawara. Dalili shi ne yawancin rankwafawar nan daga tsoka take: na ƙirji da na gaban cinya sun ɗaure saboda dogon zama, na tsakanin kafaɗu da na ciki sun yi sanyi. Babu abin da zai gyara wannan sai motsi, motsin kuma yana buƙatar wurin da gwiwa ba za ta ji tayil ba, ƙafa ba za ta zame ba.

Yoga daga Indiya ta samo asali, kuma na san wasu na ɗari-ɗari da ita saboda alaƙarta da addinin Hindu. Abin da nake magana a kai miƙe gaɓoɓi ne da numfashi, babu karanta komai, babu gaida rana. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa. Motsi huɗu sun isa mai farawa. Akwai tsayuwar dutse, da suke kira tadasana: ka tsaya jikin bango, ɗuwawu da kafaɗu da ƙeya su taɓa shi, haɓa ta ɗan koma ciki, ka ja numfashi a hankali. A nan jiki ke koyon yadda miƙewa take, sai ka riƙa tuno ta a layin banki ko kana jiran mota. Sai ka durƙusa a kan hannu da gwiwa, ka ɗaga gadon baya sama, ka sake shi ƙasa, sau takwas ko goma. Sai ka kwanta ruf da ciki ka ɗago ƙirji kaɗan ba tare da danna hannu da ƙarfi ba, wannan ke farfaɗo da tsokar tsakanin kafaɗu. Daga ƙarshe ka zauna a kan dugaduganka, ka miƙa hannu gaba ka huta. Minti goma bayan Asuba sun wadatar, in dai kullum ne.

To, wajen saye ne ake cin mutane. Tabarmar da ta dace kaurinta milimita 4 zuwa 6, faɗi kusan santimita 61, tsawo 173 ko 183. Dogon mutum ya nemi ta 183. Masu shago sukan tura ka ga mai kaurin milimita 10 zuwa sama, wai ta fi laushi. Laushin ne matsalar, ƙafa na nutsewa, ba ka iya tsayuwa daidai. Ta asalin roba ita ce sarauniya wajen kama ƙasa da kama tafin hannu, tana da nauyi, takan kai kilo 2 ko fiye, amma rana na lalata ta, kuma wanda jikinsa ba ya son roba ya guje ta. Mai rubutun TPE, wato wani haɗin roba da filastik, ba ta da nauyi, ta dace da mai tafiye-tafiye. Ta PVC, wato ta filastik, in mai kyau ce tana daɗewa.

Abin da na fi dubawa shi ne santsi, domin wani mai shago ya taɓa rantse min cewa tasa roba ce zalla, ashe soso ne aka yi wa fenti. Gumi na karyowa hannuna ya zame, sai da na yi jinyar wuyan hannu. Saboda haka kada ka karɓi tabarma a naɗe cikin leda. A warware ta a ƙasan shagon. Jiƙa tafinka da ruwa, dafa, tura gaba. In ta zame, ko ita kanta ta ja a kan tayil, ajiye musu kayansu. Danna babban yatsa: mai kyau tana dawowa nan take, jabu takan bar rami. Ja gefenta, soso yana miƙewa har ya yi fari. Ɗaga ta, in an ce roba ce amma ba ka ji nauyi ba, ƙarya ce. In warinta ya buge ka har ido na yaji, kada ka kai ta ɗakin da yara ke kwana.

Tambarin manyan kamfanoni da ke jiki ba hujja ba ne, buga shi ba wuya. Masu talla a Instagram da WhatsApp da ke cewa sai ka tura kuɗi gaba ɗaya kafin a kawo, ka ce musu sai ka gani ka taɓa. Ka kuma yi hankali da belin maganaɗisu da ake cewa yana miƙar da doro cikin mako guda, da masu lasifika a bakin kasuwa da kwalba ɗaya mai maganin ciwon baya, basir da sanyi a haɗe. Haka masu kiran kansu malaman yoga da ke danna bayan mutum da gwiwa. Motsin da ya sa ka ji zafi mai suka, tsaya.

Idan ciwon na sauka ƙafa, ko ƙafar na yin sanyi da rashin ƙarfi, ko ka taɓa yin hatsari, ajiye zancen tabarma tukuna. Je Asibitin Ƙashi na Dala ko sashen gashin ƙashi na Asibitin Malam Aminu Kano a duba ka, su faɗa maka motsin da ya dace da bayanka. Mai juna biyu ma ta fara jin ta bakin likita kafin ta kwanta ruf da ciki.