Jakar goyo ko akwati mai taya, ga mai bin hanyar Legas zuwa Akra

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin jakar goyo da akwati mai taya da ka tambaya, sayi jakar goyo kawai. Na bi wannan hanyar a watan Yunin 2022, 'yan watanni bayan Gana ta sake buɗe iyakokinta na ƙasa da aka rufe saboda korona. Da akwati na fita daga Kano, da jaka na dawo.

Akwatin sabo fil na saye shi, har yau kuɗin na yi mini ciwo. Tun daga tashar Mile 2 a Legas zuwa Seme, iyakar Najeriya da Benin, aka fara: direba ya ce sai na biya kuɗin kaya daban, aka cusa shi a but, aka ɗora buhuna a kansa. A Kwatano kuwa abin hawan talaka shi ne zemijan, 'yan acaɓansu masu riga ruwan ɗorawa, kuma duk wanda ya ga akwati sai ya ƙara kuɗi. Kwana na uku aka sheƙa ruwa, layin da na sauka kuma yashi ne zalla. Taya ta nutse, na ja da ƙarfi, ɗaya ta ɓalle. A ka na ɗauke shi har inda na sami motar Lome. Ban ce ba shi da amfani ba. In jirgi za ka hau, mota ta kai ka ƙofar otal, kaftaninka ba zai yamutse ba. Iyakar kirkinsa ke nan.

Jakar kuwa a Lome na same ta, a kasuwar gwanjo ta Hedzranawoe. Mai lita 40 ce, ruwan toka, ta ɗan koɗe a ƙasa. Matar da ta sayar mini ba ta jin Hausa, ni kuma Faransancina bai wuce gaisuwa ba, amma ta sa na juye kayana a ciki nan take, ta goya mini, ta ɗaure mini ɗamarar ƙugu tamau, sannan ta sassauta igiyar kafaɗa. Nan na ji nauyin ya bar wuyana ya sauka a ƙugu. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri, domin ita ta koya mini cewa ɗamarar nan ita ce jakar. Wadda ba ta da ita jakar 'yan makaranta ce, ko da girmanta ya kai buhu.

Inda na san na dace shi ne Aflao, iyakar Togo da Gana. Iyakar a bakin garin Lome take, da ƙafa ake tsallakawa, ga cunkoso, ga masu dako, ga masu canji suna kira ta ko'ina. Ɗan ECOWAS ba ya bukatar biza, amma za a nemi fasfo da katin rigakafin shawara, ka fito da su ka mayar ba sau ɗaya ba. Hannuwana biyu a sake suke. Na shiga tro-tro, ƙaramar bas ɗin haya ta Gana, na ɗora jakar a cinya, ba wanda ya ce in biya kuɗin kaya. Da dare muka shiga Akra, ɗakin da na yi niyya ya cika, na nufi Nima. Wani dattijo da na yi wa sallama bayan isha'i, da ya ji daga Kano nake, ya ce, "Yaro, baƙo ba ya kwana a titi a zango." Ya shimfiɗa mini tabarma a zaurensa, na yi matashi da jakata, da safe ya aiko jikansa da koko da ƙosai.

Aibinta biyu: bayanka zai jiƙe da gumi, kuma zif yana bayanka inda ba ka gani. A cikin kasuwa irin Dantokpa ta Kwatano juyo ta gaba. Tufafi ka sa su a leda kafin ka zuba, fasfo da kuɗi kuma a ƙaramar jaka ƙarƙashin riga.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Wasu suna liƙa tambarin babban kamfani a jikin jabu, su cika ta da takardu ta tsaya ƙyam, su ce maka lita 60 ce. Ka sa a zazzage takardun. Ka ja zif sau da yawa, ka leƙa ɗinkin inda igiyar kafaɗa ta haɗu da jiki, nan take fara yagewa. Ka zuba abu mai nauyi ka zaga da ita. Wanda ya hana ka gwadawa, bar masa kayarsa. Haka masu canji a bakin iyaka: in ka ƙirga sefa ko sidi a hannunka, kada ka yarda a karɓa a ce za a sake ƙirga maka.

Nemi gwanjo mai kyau, lita 40, mai ɗamarar ƙugu mai kauri. Kada ka wuce haka, domin duk wurin da ya rage sai ka cika shi da abin da ba za ka sa ba. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.