Agusta a saman dutse ko Nuwamba lokacin barbara, wanne ya fi?

Ɗan'uwa da ka tambaya ko Agusta zaka hau dutse farauta ko ka jira Nuwamba, tunda babban namijin barewa kake so ba ƴan matasan nan ba, toh ga yadda nake ganin abin. Ina magana ne akan barewar Sitka mai baƙar wutsiya, ta kudu maso gabashin jihar Alaska a Amurka da tsibirin Kodiak, inda ake buɗe farauta 1 ga Agusta.

A Agusta manyan mazan suna can sama, inda itatuwa suka ƙare sai ciyawa da ganye kore shar, wajen mita 600 zuwa 900 daga bakin teku. Ƙahonsu bai gama ƙwari ba, fata mai laushi ce lulluɓe dashi, basa son kutsawa cikin sarƙaƙiya, sai su zauna a fili ƙungiya ƙungiya maza zalla suna ta kiwo. Gashinsu a lokacin ja-ja ne, akan kore kuwa daga nesa zaka hango su. Aikinka kawai ka kafa tanti a sama, da asuba ka samu waje mai tudu ka zauna da madubin hangen nesa kana bin kwaruruka ɗaya bayan ɗaya, rana kuma doguwa ce kusan awa 16. Abinda yasa nake son wannan lokacin shine zaɓi, kana iya ganin maza huɗu biyar tare ka kwatanta su da idonka. Kada ƙaho ya ruɗeka domin na Sitka dama ƙanana ne, ka duba jiki, ƙirji mai faɗi, ciki ya ɗan sauko, ƙafafu kamar sun gajarta saboda kaurin jiki. Matsakaicin namiji wajen kilo 54 ne amma ana samun wanda ya haura 90.

Kuma dan Allah ka kula da iska. Da sassafe sanyi na gangarowa da ita ƙasa, rana na dumama dutsen sai ta juya tayi sama, shi yasa in hantsi yayi gara ka zagayo ta saman namijin. Tsohon namiji in ya shaƙi warinka sau ɗaya shikenan.

Wahalar Agusta hawan ne wallahi, daji mai laima, ga wata ƙaya da suke cewa devil's club, ga hazo da zai iya rufe ka a tanti kwana da kwanaki, sannan zafi da ƙudaje na saurin ɓata nama.

Nuwamba labarin daban ne. Sanyi da dusar ƙanƙara sun koro su ƙasa cikin manyan itatuwa, wani sa'in har bakin teku, ƙungiyar mazan ta watse kowa na bin mata. Wuyansa ya kumbura, hankalinsa ya ragu, wanda baka taɓa gani da rana ba sai gashi tsaka da fili. Anan inda mata suke zaka nema, ka samu sabon sawu da itacen da aka goge da ƙaho, ka zauna ka busa abin kiran nan mai kukan ɗan barewa. Yana aiki sosai, sai dai a Kodiak beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, ita ma na amsa wannan kiran, don haka kada ka zauna kai kaɗai ba mai duba bayanka. Hasken rana kusan awa 8 ne kawai, ga ruwa ga iska, kuma a cikin kurmi sakan kaɗan gareka ka gane babba ne ko ƙarami.

Ni dai in ƙafarka da ƙwari kuma karon farko ne, Agusta zan ce maka, domin can ne zaka koyi gane babban namiji ba sa'a kake jira ba. In gwiwa na damunka kuma kana da kwalekwale ko mai kaika, Nuwamba ta fi maka. Ko wanne ka zaɓa ka tanadi lasisi, da kuma tag (alamar izini da ake ɗaurawa dabbar da ka harba) in kai ba mazaunin Alaska bane, ka duba dokar yankin da zaka shiga ta wannan shekarar, kuma ka sani doka bata yarda ka ɗauko ƙaho ka bar nama a daji ba, sai an kwaso naman duka, ƙahon ya biyo kayan ƙarshe.